Mari a taya, allo a bango: amsar wasiƙunku kan ajiye mota a filin wani a Birtaniya

A wannan fitowa filin Tambaya da Amsa ya karkata ga 'yan'uwanmu mazauna Birtaniya, domin wasiƙu huɗu da suka iso mana daga can duk a kan rigimar wurin ajiye mota suke. Mun taƙaita kowace wasiƙa, mun kuma sakaya sunayen masu ita kamar yadda muka saba.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni ɗan kwamitin masallaci ne a wani gari da ke arewacin Ingila. Muna da ɗan fili a bayan masallaci wanda bai wuce ya ɗauki motoci 12 ba, amma da yake tashar jirgin ƙasa tana kusa, masu tafiya aiki sukan cika shi tun da sassafe, ba sa dawowa sai dare. Ranar Juma'a tsofaffinmu da masu ciwon ƙafa sai su rasa inda za su tsaya. Wani daga cikinmu ya kawo shawara mu sayi marin ƙarfen nan da ake ɗaura wa taya, mu kafa allon gargaɗi cewa duk wanda ya ajiye mota ba da izini ba za a sa mata mari, sai ya biya fam 80 a kwance masa. Wane girma doka ta ce allon ya kai, kuma me ya wajaba a rubuta a kansa?

AMSA: Wa'alaikumus salam, Alhaji, Allah ya ƙara girma. Kafin ku kashe ko sisi a kan mari ko allo, ku sani cewa a Ingila da Wales babu wani allo, komai girmansa da kyan rubutunsa, da zai halatta muku sa wa motar wani mari a filinku. Tun daga ranar 1 ga Oktoban 2012 sashe na 54 na Dokar Kare 'Yanci ta 2012 ya mayar da wannan aiki laifi, kuma idan ƙarar ta kai babbar kotu tarar da za a iya ci ba ta da iyaka. Masu tsara dokar sun san cewa allo shi ne mafakar masu sa mari, shi ya sa suka rubuta ƙarara a cikin sashen cewa yardar direba, ko ya furta ta da baki ko an fahimce ta daga shigarsa fili bayan ya ga gargaɗi, ba ta zama izinin doka. Ko da mutumin ya tsaya gaban allonku ya karanta shi harafi bayan harafi kafin ya kulle motarsa ya wuce tasha, hukuncin bai canja ba.

Ba na ganin laifin wanda ya kawo muku shawarar, domin abin da ya faɗa shi ne doka a wani zamani, kuma da alama zamanin yake tunawa. A 1995 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta yanke hukunci a shari'ar Arthur da Anker, wadda ta taso daga garin Truro. Wani direba ya ajiye mota a filin 'yan kasuwa yana sane da allunan da ke wurin, aka sa mata mari, aka nemi fam 40, ya ƙi biya, ya dawo cikin dare ya ɗauke motarsa. Kotun ta ce wanda ya ga gargaɗi ya shiga, ya yarda ke nan da abin da zai biyo baya, muddin kuɗin kwancewa bai wuce hankali ba, akwai hanyar da zai nemi mai marin, kuma za a sakar masa mota ba da jinkiri ba idan ya ce zai biya. Bayan shekara biyar, a 2000, kotun ta ƙara tsaurara sharaɗin a shari'ar Vine da ƙaramar hukumar Waltham Forest da ke Landan. Wata mata ce ta fito daga asibiti, amai ya taso mata tana tuƙi, ta ratse ta tsaya a wani fili na 'yan mintoci, kafin ta dawo an ɗaure mata taya, sai da ta biya fam 108 da 'yan kai. Akwai allo a bango, amma wata babbar mota ta kare shi, kuma alƙali ya gamsu cewa ba ta gan shi ba. Kotun ta ce ba a ɗora wa mutum yarda da abin da bai gani ba, aka mayar mata da kuɗinta.

Daga waɗannan hukunce-hukunce ne maganar girman allo da wurin kafa shi ta samo asali. A 2005 aka wajabta wa masu sa mari su mallaki lasisi daga hukumar kula da harkar tsaro mai zaman kanta, wato SIA, amma lasisin bai hana ƙorafi ba: alluna ƙanana a lungu, kuɗin kwancewa na ɗaruruwan fam, da dagewa sai an biya tsaba nan take. Da majalisa ta ga gyara ya ƙi, sai ta tumɓuke sana'ar daga tushe.

Akwai abin da ya kamata ku ja kunnen matasan masallaci a kansa, domin dokar ba a kan mari kaɗai ta tsaya ba. Ta haɗa da ɗauke motar da janwe, da ture ta zuwa wani wuri, da tare ta ta kowace hanya da niyyar hana mai ita fita. Saboda haka gitta wata mota a bayanta don a koya wa mai ita hankali ya shiga ciki. Haka nan sace iskar taya, wanda masu gadi a garuruwanmu na gida suka ɗauka hukunci ne na yau da kullum, a can yana iya jawo wa mutum tuhuma, kuma kwamitin ne zai wayi gari yana amsa tambayar 'yan sanda, mai motar da ya yi kutse kuwa ya koma mai ƙara.

Hanyar da doka ta bar muku a buɗe ita ce ku hana shiga tun farko. Ƙofa mai makulli, ko sandar ƙarfe mai ɗagawa, ko turakun da ake kwantarwa a tayar, duk halal ne, kuma sashe na 54 ya keɓe shingen da ke kafe a wurin tun lokacin da aka ajiye motar, ko da a ɗage yake a sa'ar. A nan ne allo zai yi muku amfani: ku rubuta cewa fili ne na masallaci, ku faɗi lokacin da ake rufe ƙofa da lambar wayar da za a kira. Hanya ta biyu ita ce ku ɗauki kamfanin kula da wuraren ajiye motoci ya riƙa cajin masu kutse. A ganina fili mai ɗaukar motoci 12 bai kai a jawo masa kamfani ba, domin kamfanin daga cajin yake ci, kyamararsa kuwa ba ta bambanta motar liman da ta mai tafiya tasha. Idan kun zaɓi hakan duk da haka, kada ku sa hannu sai an rubuta a yarjejeniyar cewa kwamiti yana da ikon soke duk cajin da ya faɗa kan masallata.

TAMBAYA: Ni ma'aikaciyar jinya ce a Mancesta. Na shiga filin ajiye motoci na wasu manyan kantuna da daddare bayan na tashi daga aiki, na yi sayayya na ci abinci. Bayan kwanaki sai ga wasiƙa da hoton motata tana shiga tana fita, ana neman fam 100, ko fam 60 idan na biya cikin kwana 14, wai na wuce lokacin da aka ƙayyade. Ban ga wani allo ba. Ƙawayena sun ce in jefa takardar a shara, tunda ba ta gwamnati ba ce. Haka ne?

AMSA: Malama, sannu da aiki. Ƙawayenki sun faɗi rabin gaskiya, kuma ragowar rabin ne ke da tsada. Ki duba saman takardar. Ta ƙaramar hukuma tana ɗauke da kalmar "Penalty", wadda tara ce ta doka, ta kamfani kuwa "Parking Charge" ake rubuta mata, ko da yake dukansu ana taƙaita su da haruffan PCN, kuma kamfanoni ba sa ƙin wannan kamanni. Takardar kamfani da'awa ce cewa kin ƙulla yarjejeniya da su kin saɓa. A idon doka allon da ke filin shi ne tayin yarjejeniyar, ajiye motarki bayan kin samu damar karanta shi kuwa shi ne amincewarki. Allon da ya daina halatta mari a 2012 har gobe yana iya ɗaure aljihu.

Wanda ya tabbatar da haka shi ne hukuncin Kotun Ƙoli na Nuwamban 2015 a shari'ar kamfanin ParkingEye da Beavis. Filin wasu kantuna ne a garin Chelmsford inda aka ba da awa biyu kyauta, direban ya yi awa biyu da minti 56, aka caje shi fam 85. Ya yi gardama cewa kamfanin bai yi asarar komai ba, don haka kuɗin horo ne kawai da doka ba ta yarda da shi a yarjejeniya ba. Alƙalai shida cikin bakwai suka kori ƙararsa, suka ce masu kantuna suna da halattacciyar buƙata ta ganin motoci suna shiga suna fita, kuma fam 85 bai kai zalunci ba. Amma wanda ya karanta hukuncin da kyau zai ga yadda ya jingina da alluna: akwai kusan 20 a filin, manya, a fili, kuma adadin kuɗin an rubuta shi da manyan haruffa. Tun a 1970 ma, a shari'ar Thornton da Shoe Lane Parking, alƙali Denning ya riga ya kafa cewa sharaɗi mai nauyi dole a nuna wa mutum shi kafin ya shiga yarjejeniya, kuma gwargwadon nauyinsa gwargwadon yadda za a fito da shi.

Wannan shi ne ƙofarki. Kamfani ba ya samun sunanki da adireshinki sai daga hukumar rajistar motoci ta DVLA, wadda ke karɓar fam 2.50 a kan kowace tambaya, kuma ba ta ba kowane kamfani sai wanda ke cikin ɗaya daga ƙungiyoyi biyu na kamfanonin kula da wuraren ajiye motoci da aka amince da su, BPA ko IPC. Ƙungiyoyin biyu sun haɗa ƙa'ida guda da ta fara aiki a Oktoban 2024. A bisa ƙa'idojin sana'ar, dole a sami allo a mashiga da ke sanar da direba cewa fili ne mai sharuɗɗa, sannan a sami wasu a ciki da ke ɗauke da sharuɗɗan da adadin cajin da sunan kamfanin, kuma ƙa'idar BPA ta daɗe da sa mafi ƙarancin girman irin wannan allo a milimita 450 tsawo da faɗi. Idan ana cajin mutane da dare, ya wajaba allon ya karantu da dare, ko da fitila ko da fenti mai ƙyalli. Cajin ba ya wuce fam 100, ana rage kashi 40 cikin 100 ga wanda ya biya cikin kwana 14, kuma akwai rangwamen minti 10 bayan ƙarewar lokaci kafin a caji mutum.

Don haka ki koma filin a daidai sa'ar da kika shiga ranar, ki ɗauki hoto daga kujerar direba a mashiga, ki ɗauki wani daga inda kika tsaya, sannan ki matsa kusa da allo mafi kusa ki ɗauke shi yadda yake, ko reshen bishiya ya rufe shi, ko fitilar da ke kansa ta mutu, ko an rataye shi can sama inda sai mutum ya ɗaga kai kamar mai duban wata. Hoton da aka ɗauka da rana ba zai nuna abin da idonki ya gani da ƙarfe tara na dare ba. Ki adana rasit ɗin kantin da na gidan abincin, domin sau da yawa manajan kanti yana da ikon sa a soke cajin abokin cinikinsa, kuma wannan ita ce hanya mafi sauri idan ta yiwu.

Abu na biyu shi ne kwanan wata. Dokar nan ta 2012 da ta hana mari ta ba kamfanoni wani abu a madadinsa: idan ba su san direba ba, suna iya bin wanda aka yi wa motar rajista da sunansa. Amma wannan dama tana da sharaɗi. Idan kyamara ce ta kama motar kuma ba a liƙa takarda a gilashi ba, kamar yadda ya faru da ke, dole wasiƙar ta isa cikin kwana 14 daga washegarin ranar. Idan an liƙa takarda a gilashi, wasiƙar tana zuwa ne bayan kwana 28, kuma kafin kwana 56 su wuce. Kamfanin da ya makara ya rasa ikon bin mai rajista, sai dai ya nemi direba, kuma doka ba ta tilasta wa mai rajista ya faɗa wa kamfani mai zaman kansa wanda ya tuƙa motar ba. Yin shiru a kan wannan haƙƙinki ne, amma kada ki rubuta abin da ba gaskiya ba, domin takardar tana iya ƙarewa a gaban alƙali.

Ki rubuta wa kamfanin ƙorafinki cikin kwana 28, kuma ya fi kyau ki yi cikin kwana 14 na farko don kada rangwamen ya kuɓuce. Idan sun ƙi, kamfanin da ke ƙarƙashin BPA zai ba ki lambar kai ƙara ga POPLA, ofishin da ke sauraren ƙorafin direbobi a kan irin wannan caji, wanda ke ƙarƙashin IPC kuwa zai tura ki takwararsa IAS. Kai ƙara POPLA kyauta ne, hukuncinta yana ɗaure kamfani amma ba ya ɗaure ki, sai dai idan kika faɗi a can, cikakken fam 100 za a nema.

Shara kuwa ita ce mafi munin zaɓi. Wasiƙun masu karɓar bashi za su biyo baya da ƙarin da kan kai fam 70, kuma ko da yake su ba su da ikon shiga gidanki ko taɓa motarki, kamfanin yana da shekara shida da zai iya shigar da ƙara a kotun gunduma. Wanda bai amsa takardar kotu ba ana yanke masa hukunci a bayan idonsa, kuma idan bai biya cikin wata ɗaya ba hukuncin yana zama a tarihin bashinsa shekara shida, inda duk bankin da ya nemi bashin sayen gida a wurinsa zai gani. Masu sauya gida ba su sanar da DVLA sabon adireshi ba su ne suka fi faɗawa wannan rami, domin takardun suna zuwa tsohon gida.

Ba zan ɓoye miki ba, tsarin ya fi karkata ga kamfanoni, tunda su ne suka rubuta ƙa'idar da ake auna su da ita. Majalisa ta zartar da doka a 2019 don gwamnati ta fitar da tata ƙa'idar, aka wallafa ta a Fabrairun 2022 da niyyar sauko da yawancin caji zuwa fam 50, amma a watan Yunin shekarar aka janye ta bayan kamfanoni sun garzaya kotu.

TAMBAYA: Ni ɗalibi ne a Bamingham. Na sayi mota ta hannu daga wani abokina, na ajiye ta a titi gaban gida, na wayi gari na tarar da mari a tayarta da takardar DVLA a gilashi. Ba an hana sa mari ba? Wani ya ce zai kawo injin yanka ƙarfe.

AMSA: Ɗan'uwa, ka sallami mai injin. Abin da aka hana shi ne sa mari ba da ikon doka ba, kuma akwai waɗanda doka ta ba su wannan iko: 'yan sanda, ƙananan hukumomi, DVLA, jami'an da ke zartar da hukuncin kotu a kan bashi, da wasu filayen jirgin sama da tashoshin ruwa da na jirgin ƙasa masu dokokinsu na musamman. Waɗannan ba sa buƙatar yardarka. Ina kyautata zaton harajin mota ne ya kama ka, domin tun Oktoban 2014 harajin ba ya bin mota idan ta sauya hannu, ana mayar wa mai sayarwa ragowar watanninsa, sabon mai ita kuma ya biya nasa kafin ya hau titi. Ka biya harajin ta intanet, ka kira lambar da ke takardar, ka biya fam 100 na kwancewa cikin awa 24. Idan ka bari aka ɗauke ta zuwa ma'ajiya, kuɗin zai koma fam 200 da fam 21 na kowace rana, kuma motar da aka daɗe ba a karɓa ba ana sayar da ita ko a murƙushe ta. Yanke marin laifin ɓarnata kayan wani ne, wanda bai dace ɗalibi mai zama da biza ya ɗauko wa kansa ba.

TAMBAYA: Aiki zai mayar da ni Belfast, kuma nakan je Glasgow da Dublin. Dokar ɗaya ce ko'ina?

AMSA: Ba ɗaya ba ce, Malam. Sikotland ta riga kowa, domin tun 1992, a shari'ar Black da Carmichael, babbar kotunta ta ce sa wa mota mari a fili mai zaman kansa a nemi kuɗi sata ce da tatsar kuɗi ta hanyar tilas, don haka a Glasgow babu mai ɗaure maka taya sai hukuma. Ailan ta Arewa kuwa haramcin 2012 bai shafe ta ba, saboda haka a Belfast mai fili yana iya sa a ɗaure motarka, muddin mai yin aikin yana riƙe da lasisin SIA. Lasisin ya hana shi taɓa motar da ke ɗauke da shaidar naƙasassu ko motar agajin gaggawa da ke bakin aiki, kuma ya wajabta masa ba ka rasit mai ɗauke da sunansa da lambar lasisinsa da wurin da kwanan wata. A can allon gargaɗi yana nan da tsohon nauyinsa, don haka ka karanta shi kafin ka kashe mota. Dublin kuma wata ƙasa ce da dokarta: Jamhuriyar Ailan ta yi Dokar Sa wa Motoci Mari a 2015, ta ɗora wa Hukumar Sufuri ta Ƙasa tsara alluna da sauraren ƙorafi, kuma kuɗin kwance mari a fili mai zaman kansa ba ya wuce yuro 125.